Shago ko ofis: ina rai ya fi sakewa a Kebbi?

Da wuya ka sami ma'aikacin da ya shekara biyar yana karɓar albashi a Birnin Kebbi bai taɓa zama da biro da takarda yana lissafin abin da zai samu in ya ajiye aikin ya buɗe shago ba. Haka nan da wuya ka sami ɗan kasuwar da kaya suka taɓa yi wa kwantai bai taɓa kallon maƙwabcinsa malamin makaranta ya ce a ransa, "Kai, wannan dai ya huta" ba. Kowanne gani yake hutun na wajen ɗan'uwansa. Wanda abin ya fi damu shi ne matashin da ya gama bautar ƙasa, ko ma'aikacin da ya gaji, mai son a gaya masa gaskiya kafin ya yanke shawara.

Ni dai ga inda na tsaya tun kafin a yi nisa. Kasuwancin da mutum ya koya, ya san hawansa da saukarsa, ya fi aikin albashi daɗi nesa ba kusa ba. Wanda kuwa mutum ya faɗa cikinsa don ba shi da yadda zai yi ya fi kowane aikin ofis cin rai. Yawancin gardamar da ake yi a majalisa kan wannan batu ba ta ƙarewa ne saboda wani yana maganar Alhaji mai tirela uku, wani kuma yana maganar saurayin da ke zaune gaban tireda da kwalin taliya biyu da rabin buhun sukari.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Najeriya kansu suke yi wa aiki. A Kebbi ba sai an duba takarda ba. Aikin albashi a nan kusan duka na gwamnati ne: ma'aikatun jiha, ƙananan hukumomi 21, makarantu, asibitoci, jami'ar tarayya da ke Kalgo, ta jiha da ke Aliero, kwalejin Waziri Umaru. In ka cire bankuna da kamfanonin casar shinkafa irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, sauran ba su da yawa. Ke nan mafi yawan masu kasa kaya a kasuwanninmu ba zaɓa suka yi ba, abin da suka tarar ke nan. Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2017 ya taɓo wannan: a Turai da Amurka masu yi wa kansu aiki sukan fi gamsuwa da rayuwarsu, a yawancin ƙasashe masu tasowa kuwa akasin haka ne, sannan kusan ko'ina sun fi masu albashi damuwa da fargaba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Can mutum yakan bar aiki mai tsoka don ya bi abin da ransa ke so. Nan sau da yawa rashin aikin ne ya turo shi.

Babban abin da albashi ke ba mutum shi ne sanin gobe. Ma'aikaci ya san abin da zai shigo da lokacin da zai shigo, kuma duk garin ya sani. Shi ya sa mai shagon unguwa ke ba shi shinkafa da mai da sabulu a rubuta, mai gidan haya ya yi masa haƙuri, makarantar yara ta ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. In zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, albashinsa bai san ya kwanta ba. Ƙarfe huɗu ya tashi, ran Juma'a kafin a shiga masallaci ya kama hanya, Asabar da Lahadi nasa ne. Shi ne ake gani a ɗaurin aure da zaman makoki, shi ke kai yara ƙauye gaida kakanni. Wannan lokaci da yake da shi babban rabo ne, kuma ma'aikata ba su cika saka shi cikin lissafi ba don ba ya zuwa a waya kamar kuɗi. Ko wajen neman aure, in aka ce yaron ma'aikacin gwamnati ne, har yanzu iyayen yarinya kan ɗan saki fuska, ko da yake ba kamar shekarun baya ba.

Matsalar ita ce sanin gobe ya rage daraja tun da kuɗin kansa ya daina tsayawa wuri ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A shekarar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a 30,000 tun 2019, sai a Yulin 2024 aka mai da shi 70,000, Gwamna Nasir Idris, wanda shi kansa tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya sa na Kebbi 75,000. Duba tazarar da ke tsakani. In kaya suka tashi a Kano da safe, mai shago a Jega ya canja farashi kafin la'asar. Ma'aikaci kuwa sai ya jira ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki, a kafa kwamiti, a yi zama, a sa hannu, sannan a fara gardamar yadda za a daidaita na manyan matakai. Duk tsawon wannan jira shi ke ɗauke da tsadar a wuyansa.

Shiga kowane ofis wajen 25 ga wata ka ga yadda abin yake. Wayoyi na kan tebur, fuskarsu a sama. Ɗaya ta yi ƙara, kowa ya waiga. "Malam, ya shigo?" "A'a, saƙon kamfanin waya ne." Can wani ya leƙo daga ofishin gefe ya ce masu banki kaza sun fara gani. In ya shigo ɗin, kafin a kai gida an riga an raba shi: banki ya cire bashinsa tun daga tushe, adashin ofis na jira, mai shago ya buɗe littafi, ga kuɗin makaranta, ga na wuta. Zuwa 5 ga sabon wata an koma cewa wata ya yi nisa.

Ni a ganina ba ƙarancin kuɗin ne ma ya fi ɓata wa ma'aikaci rai ba, rashin iko da kansa ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai shugaban da in ya tsane ka, takardarka ta ƙarin girma sai ta shekara a aljihun tebur. Akwai ƙarin girman da ke zuwa a takarda kuɗinsa bai biyo baya ba. Akwai canjin wurin aiki da ke faɗo wa mutum bayan ya sa yara makaranta ya biya haya. Akwai tantancewa, inda magidanci mai furfura zai wuni a layi da takardun firamare don ya tabbatar shi ba ma'aikacin bogi ba ne. Ga kuma wani ciwo da ba a cika faɗa ba: mutum ya karanci aikin gona ko injiniya, ya ƙare yana sa hannu a rajista da safe, ya zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ana hirar siyasa har azahar. Shekara goma a haka takan kashe wa mutum zuciya ko da albashin na zuwa a kan kari. A ƙarshen hanya kuma, bayan shekara 35 ta aiki ko cika 60 da haihuwa, sai jiran giratuti, wato kuɗin sallama, wanda a jihohi da yawa kan ɗauki shekaru.

Daɗin kasuwa daga nan yake farawa. Abin da ka ƙulla da dabararka, kai za ka ga sakamakonsa, wani lokaci ma a ranar. Ba wanda zai ce maka matakinka bai kai ba. Wanda ya fara da tallan goro zai iya zama mai sari, ba tare da wata takardar shaida ba. Yana da yara a ƙarƙashinsa, yana sallamar wasu su buɗe nasu, yana fitar da zakka, in shekara ta yi kyau ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Ga matsayin da addini ya ba ɗan kasuwa mai gaskiya da riƙon amana, wanda kowane ɗan makarantar zaure ya ji a bakin malaminsa. Wannan gamsuwa ta gaske ce, kuma ban ga abin da ke kama da ita a aikin ofis ba sai wajen likita ko malamin da ke son aikinsa tsakani da Allah.

To amma a dubi abin da ake biya kafin a same ta. Ɗauki mai ajiyar albasa a Aliero. Lokacin da aka cire ta a rani, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, sai ya zuba jarinsa ya saya ya jibge a rumbun kara da ciyawa wanda aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa. Lissafinsa shi ne ya riƙe ta har bayan damina, sa'ad da ta yi ƙaranci farashi ya ninka. Tsakanin nan da can ba shi da sukuni. Duk 'yan kwanaki sai ya je ya buɗe, kuma hancinsa ke fara ba shi labari kafin idonsa. In ya ji wannan tsamin, sai a kira yara a baje a tsince, domin ruɓaɓɓiya ɗaya ba ta ruɓewa ita kaɗai. Wadda ta tsira ma ta sha iska ta rage nauyi. In lokaci ya yi aka yi lodi zuwa Legas ko Anaca, ga kuɗin mota, ga la'adar dillali, ga shingayen hanya, ga waya a kunne tsakar dare ana tambayar direba ina aka kai. Mota ta lalace kwana biyu a rana, ribar shekara ta tafi. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021 ya nuna wa fatake cewa ko kaya sun isa lafiya ba a gama ba. Amma in komai ya tafi daidai, abin da zai ƙirga a tafiya ɗaya ma'aikacin mataki na takwas ba zai gan shi a shekara ba. Albashi rijiya ce mai ƙaramin ido, ba ta cika tulu da sauri amma ba ta cika ƙafewa ba. Kasuwa kuwa gulbi ce, bana ta ba ka kifi, baɗi ta cinye maka gona.

Kuma 'yancin da ake yi wa ɗan kasuwa kirari da shi yana da iyaka. Ba shi da shugaba a ofis, amma yana da wanda bai taɓa gani ba a Abuja. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. Duk wanda abincinsa ke kan hanyar Gaya da Dosso ta cikin Nijar ya san yadda waɗannan shekaru suka kasance. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi, masu kifi a Yauri da masu kayan gwari suna kallon kayansu na lalacewa ga masu saye amma ba abin biya. Shinkafa ma haka. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwamban 2015, jama'a suka yi ca a kanta, wasu suka yi arziki na gaske. Ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu yawa a fadamun jihar. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya faɗi a 2025, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suna jiran tashi suka tafka asara. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru don ɗan kasuwa ya yi lalaci ko wauta.

Sai maganar dangi, wadda a wajena ita ce ta fi karya ƙananan shaguna. In ɗan'uwa ya zo wa ma'aikaci da buƙata, yana da amsar da kowa ke karɓa: ba a yi albashi ba. Mai shago ba shi da wannan mafaka, don kayan ga su nan a jere ana gani. "Kawu, Inna ta ce a ba da mudu biyar na shinkafa, in Baba ya dawo zai aiko." Yaya za ka ce babu? Wanda ya aiko bai san buhun nan na wani Alhaji ne a Kano da ke jiran kuɗinsa ran Litinin ba. A haka littafin bashi ke kauri, shago na ramewa, har mutum ya fara cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Wanda bai iya haɗe fuska ya ce a'a ga mutanen da yake jin kunya ba, kasuwa za ta zame masa baƙin ciki komai yawan ciniki.

Lokaci kuma ba nasa ba ne. Ranar da ya rufe, ranar ba ciniki. In ya bar wa yaro, zuciyarsa na can. Jajibirin Sallah da kowa ke gida, shi lokacin ne kasuwarsa ke ci. In ciwo ya kwantar da shi wata guda, kuɗin magani daga jari zai fito, abokan ciniki kuma su koma maƙwabta.

Akwai wani bambanci da na daɗe ina lura da shi. Talaucin ma'aikaci na taro ne. Duk ofishin tare ake kuka, akwai ƙungiya, akwai wanda za a ɗora wa laifi, har raha ake yi da abin. Karyewar ɗan kasuwa kuwa shi kaɗai take samu. Mutumin da ake yi wa "Alhaji, barka da fitowa" a bara, bana sai ya riƙa canja hanya don kada ya haɗu da masu binsa bashi, ya daina zama majalisa, a gida ma ya ɓoye wa iyali. Wannan kunya ta fi asarar kuɗin ciwo, kuma duk mai son shiga kasuwa ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukarta.

Batun tsaro bai bar kowa ba. Ɗan kasuwar da aka san yana da shi, ko mai bin kasuwannin ƙauye ta ƙasar Zuru da Yauri, ya fi zama abin hari. Amma ma'aikacin da aka tura ƙauye ma bai tsira ba. Harin makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 da malamai aka tafi, ba ɗalibai kaɗai ba.

Ga mata lissafin ya ɗan bambanta. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya tana da kuɗin da ke shigowa da sunanta kowane wata, da hutun haihuwa, da wani abin dogaro in aure ya girgiza ko miji ya rasu. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta daga ɗakinta, tana sa hotuna a WhatsApp, tana kusa da 'ya'yanta kuma ba ta neman izinin kowa sai na maigida, amma kusan duk cinikinta bashi ne tsakanin ƙawaye da dangin miji, waɗanda bin su bashi kan ɓata zumunci. Matan da na ga sun fi samun natsuwa su ne masu riƙe da biyun, albashi na ɗaukar dole, sana'a na cika adashi.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Wanda ya tashi a rumfar mahaifinsa, ko ya yi shekaru yana yaron shago har ubangida ya sallame shi, ya san masu ba da kaya, ya san wa ake ba bashi wa ake hanawa, wannan in ya bar kasuwa ya tafi neman aikin mataki na shida ya cuci kansa. Zai sami albashi ya rasa walwala. Haka wanda zaman jiran umarni ke ci wa rai, in yana da jarin da ko ya narke iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba, kuma shekarunsa ba su ja ba, ya gwada. Wanda kuwa fargaba ke hana wa barci, mai son a yau ya san abin da zai ci wata mai zuwa, ya riƙe aikinsa ba tare da jin kunya ba. Ba kowa aka halitta da zuciyar kallon jarinsa a bayan mota tana tafiya Kudu ba, kuma wannan ba ragwanci ba ne.

Wanda ya riga ya yi shekara 25 a aiki, ban ga dalilin da zai sa ya watsar da goman da ta rage ba. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne dattijon da bai taɓa sayar da ko allura ba, ya karɓi giratuti yana da shekara 60 ya zuba duka a shagon siminti ko motar haya a hannun wani yaro. Irin wannan karyewa ba ta da gyara, domin ba sauran wata na gaba. Kusa da shi a haɗari akwai mai cin bashin banki a kan albashinsa don ya ja jari. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Ban da abin da malamai suka faɗa kan riba, sana'o'i kaɗan ne sabon shiga zai iya ciro wannan daga cikinsu har ya ga saura. Kasuwar ta mutu, bashin na nan ana yanka daga albashi shekara uku.

Hanyar tsakiya, wadda ita ce mafi yawan ma'aikatan Kebbi masu rufin asiri ke bi, ita ce gona. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma. Mu kuwa Allah ya ba mu fadama daga Argungu har Bagudo da Yauri. Ma'aikacin da ke da ɗan fegin shinkafar rani ko albasa, da raguna biyu uku na kiwon Sallah, yana ɗanɗana abin da ɗan kasuwa ke ji na cin guminsa, in shekara ta ƙi kuma albashi ya tare shi. Buhunan da ya ajiye a ɗaki su ne ke kare shi daga tsadar da albashi ba ya iya kamowa. Da yawa kan wuce nan su buɗe shago da sunan mata ko ƙane. Wannan sananne ne, sai dai mai yi ya san ya jingina dukiyarsa ne da amanar wani, kuma in rigima ta taso ba shi da bakin kai ƙara.

In kuma zuciyarka ta nace sai ka bar ofis gaba ɗaya, kada ribar wata biyu ta ruɗe ka. Ware uwar kuɗi daban da kuɗin cefane, ka rubuta komai har ruwan leda da ka sha a shago, ka yanka wa kanka albashi daga ribar ka ga ko zai riƙe gidan. In ba ka taɓa yin sana'ar ba, nemi wani babba a kasuwar Jega ko ta Birnin Kebbi ka riƙa zama rumfarsa ranakun Asabar da Lahadi har shekara ta zagayo, ka ga cinikin kaka, ka ga na bazara, ka ga na tsakiyar damina lokacin da kuɗin kowa ke gona, kafin ka rubuta takardar ajiye aiki.